Wa Ya Shaide Ka? Tarihin Takardar Malanta Daga Bompai Zuwa Sharaɗa Da Challawa



Duk wanda ya je neman aikin koyarwa a 'yan shekarun nan, ko a makarantar gwamnati ko a ta kuɗi mai ɗan girma, ya san tambayar da ake tarbarsa da ita bayan gaisuwa: "Kana da NCE? Ka yi rajista da TRCN?" Da yawanmu mun sha wannan tambaya, domin ba kaɗan ba ne a cikinmu alli ke ciyar da su da rana, alƙalami kuwa sai dare ya yi. Tambayar tsohuwa ce. Tun kafin a san boko, Kano na tambayar duk wanda ya shimfiɗa buzu zai karantar: wa ya shaide ka? Abin da ya yi ta canzawa shi ne mai ba da shaidar, da kuma abin da yake dubawa kafin ya bayar.

Za mu bi wannan tarihi ta unguwannin masana'antu uku na Kano, wato Bompai da Sharaɗa da Challawa. Wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska? To, a dubi taswirar gari. Daga Bompai tafiyar 'yan mintuna ce zuwa Gidan Ɗan Hausa, inda gwamnati ta fara horar da malaman boko a Arewa. Sharaɗa tana bayan ganuwa, ba nisa da Ƙofar Famfo, inda kwalejin horar da malamai ta tarayya ta zauna shekara da shekaru. Challawa kuwa ƙaramar hukuma ɗaya take da Kwalejin Sa'adatu Rimi, wato Kumbotso. Kowace unguwa ta tashi a zamaninta, kuma a kowane zamani akwai irin takardar da ake nema a hannun malami. Bayan haka, masana'anta da makaranta tambaya ɗaya suke yi wa baƙon da ya zo neman aiki: ya iya ko bai iya ba? Yadda kowaccensu ta amsa yana da darasi.

Kafin takarda

A tsangaya ba a kiran mutum alaramma don ya ce shi alaramma ne. Sai ya haddace Alƙur'ani, ya rubuta shi da ka, a kai rubutun gaban gwanaye su bi shi wasali bayan wasali. Inda ya yi kure a nuna masa a gaban jama'a. A makarantun zaure na ilimi kuma akwai ijaza: malami ya shaida cewa wane ya karanta littafi kaza a gabana, na ba shi izinin karantar da shi, kamar yadda malamina wane ya ba ni. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo har littafi ya rubuta, Ida'un Nusukhi, yana lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu.

Haka abin yake a sana'a. Yaron majemi yakan yi shekaru yana jiƙa fata, yana tuje gashi, yana dakan bagaruwa, kafin maigidansa ya bar shi ya jeme fatar mutane shi kaɗai. Ranar da aka yaye shi, duk unguwa ta san wanda ya koya masa. In ya ɓata fata, sunan maigidan ne zai fara zubewa.

Wannan tsari yana da ƙarfi ta fuska biyu. Mai shaidar ya gani da idonsa, kuma yana da sunan da yake tsoron ɓatawa. Amma yana da rauninsa. Yana cin lokaci, ba ya fitar da malamai dubu a shekara, kuma baƙon da ba a san malaminsa ba yakan sha wuya kafin a yarda da shi. Gwamnatin da ke son buɗe makarantu a larduna goma sha biyu ba za ta iya jiran irin wannan yaye ba.

Bompai da Nassarawa

Turawa sun ci Kano a 1903. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa. Da ajin malamai ya fara: mutanen da suka riga suka yi karatun allo da na zaure, aka koya musu rubutun boko da lissafi don su je su koyar. Daga baya aka ƙara makarantar 'ya'yan sarakuna da kuma sashen koyon sana'a, inda ake koyar da irin su kafinta da ƙira da dukanci. Wato a farkon lamari horar da malami da koyar da sana'a a gida ɗaya suke. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Tsarin da Turawan suka zo da shi na gidansu ne. Tun 1846 Ingila take ɗaukar yaro mai ƙoƙari ta ɗora shi a kan aji a ƙarƙashin hedimasta, ana yi masa jarrabawa duk shekara, sannan ya wuce kwaleji ya fito da takarda. A Arewa babbar kwalejin ita ce ta Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922. Shekara biyar ake yi a cikinta, kuma manufarta ta farko ita ce fitar da malaman makaranta. Ahmadu Bello ya gama a 1931 ya koyar a Midil ta Sakkwato. Abubakar Imam ya gama a 1932 ya koyar a Midil ta Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933 ya koma Midil ta Bauchi.

Mu marubuta nan ya kamata mu gyara zama. Lokacin da Rupert East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933, daga cikin waɗanda suka yi fice akwai Imam da Ruwan Bagaja, da Tafawa Ɓalewa da Shaihu Umar, da Malam Bello Kagara da Ganɗoki. Dukkan ukun malaman makaranta ne, Bello Kagara ma a Kwalejin Katsina yake koyarwa. Ƙagaggen labarin Hausa na boko a hannun masu alli aka haife shi.

A ƙasa da Kwalejin Katsina aka yi ta buɗe makarantun horar da malaman elementare, har tsani ya daidaita: takardar malanta mai daraja ta uku, sai mai daraja ta biyu, sai mai daraja ta ɗaya. Karatun zaure ma bai tsira daga takarda ba. Makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947, ta shiga fitar da alƙalai da malaman Larabci masu shaidar gwamnati a hannu. Tun a lokacin kuma malamai sun gane cewa takarda ba ta isa ba in albashi da daraja ba su bi ta ba. Shi ya sa Malam Aminu Kano, bayan dawowarsa daga kwas ɗin malanta a Landan, ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948.

Ana cikin haka Bompai na tasowa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama dala, zuwa ƙarshen zamanin Turawa injinan matsar man gyaɗa sun fara ruri a Bompai. Daga baya masana'antun kwanon sha da alewa da turare da saƙa suka biyo, har da kamfanin kekunan Raleigh da na fulawa da ke titin Maimalari. Su ma waɗannan suna bukatar shaida. Sai aka samu makarantar koyon sana'a ta gwamnati a Kano a shekarun 1950, aka samu jarrabawar City and Guilds ta Landan, aka kuma samu gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago, shi ma mai daraja ta uku da ta biyu da ta ɗaya. A wannan gwaji ƙarfe ake ba mai walda a ce ya haɗa, katako ake ba kafinta a ce ya fitar da gaɓa, mai gwajin ya juya aikin a hannunsa ya duba.

Malamin makaranta ma haka ake yi masa. Bayan takardun Turanci da lissafi da dabarun koyarwa, akwai gwajin aji. Mai jarrabawa zai shigo ya zauna a bencin baya, ya karɓi littafin shirin darasi, ya kalli yadda ɗalibin malanta yake tsayuwa, yadda yake rubutu a allo, yadda yake jawo yaron da ya yi shiru. In ya faɗi a nan, takardun da ya ci ba za su fisshe shi ba. Ke nan a zamanin Bompai takarda ta shigo, amma ido bai fita ba. Sai dai tsani ya zama biyu, na malanta daban, na sana'a daban, kowanne da ma'aikatarsa. Gidan da Ɗan Hausa ya haɗa ya rabu.

Sharaɗa da Ƙofar Famfo

A 1960 kwamitin Eric Ashby ya miƙa rahotonsa kan bukatun ilimi mai zurfi na Nijeriya. Daga shawarwarinsa aka samu manyan kwalejojin horar da malamai, aka kuma samu sabuwar takarda ta shekara uku bayan sakandare, wato NCE, wadda aka fara karatunta a 1962. Da farko ba don firamare aka yi ta ba, don ƙananan azuzuwan sakandare da makarantun horar da malamai aka yi ta. Kwalejin Kano ta faro a farkon shekarun 1960 da taimakon Amurka ta hannun Jami'ar Ohio, kafin ta zauna a Ƙofar Famfo.

Sai abubuwa suka zo a jere. An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967 da Audu Baƙo a matsayin gwamna. Kuɗin man fetur ya shigo. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta fito a 1972. Bompai ta cika, Sharaɗa ta shiga karɓar masana'antun robobi da saƙa da jima da kayan abinci, kashi bayan kashi. A daidai wannan lokaci Janar Gowon ya yi shelar ilimin firamare kyauta ga kowa a 1974, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin, wato UPE, a watan Satumba na 1976. An yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai kusan miliyan 3 suka bayyana.

Ina malaman? Dole aka yi na gaggawa. An faɗaɗa kwalejojin horar da malamai, an buɗe sababbi, an rage wa wasu shekarun kwas gwargwadon karatun da suka zo da shi. A 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, NTI, don ta riƙa horar da malamai suna bakin aiki. Duk da haka azuzuwa sun fi malamai yawa. Wanda ya zauna jarrabawar daraja ta biyu bai cinye takardunsa ba, aka ba shi aji. A wasu ƙauyuka wanda ya gama firamare ma aka ba shi. A sakandare kuwa jihohin Arewa sun dogara da malamai daga Indiya da Pakistan da Masar da Ghana, da kuma 'yan hidimar ƙasa da aka fara turowa tun 1973. Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977 don ta samu nata likitoci da injiniyoyi.

Akwai wata matsala da ba a cika faɗa ba. A shekarun da aka fi bukatar malami, a shekarun ne ya fi samun ƙofofin fita. Saurayi mai takardar daraja ta biyu, mai Turanci da lissafi, abin nema ne a ofishin kamfani, a banki, a sababbin ma'aikatun jiha. Makaranta ta horar, wasu su ɗauke. Iyayenmu da suka yi zamanin suna ba da labarin abokan karatunsu da suka yi shekara biyu ko uku a aji, suka ajiye alli suka koma akawu ko mai kula da sito. Duk tsananin jarrabawar shiga sana'a, ba ta hana wanda ya ci ta fita in waje ya fi tsoka.

Amma kada mu yi wa malaman UPE butulci. Yaran da suka shiga aji ɗaya a 1976 sun gama firamare a 1982. Bayan 'yan shekaru kasuwar littattafan Hausa ta ɓarke a Kano: Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, da ɗaruruwan wasu. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun daɗe da alaƙanta wannan bunƙasa da ɗimbin masu karatun da UPE ta samar. Malaman da aka horar a gurguje su ne suka koya wa dubban yara, musamman 'yan mata, haɗa baƙi da wasali. Mu da ke rubutu yau, a gonar da suka share muke shuka.

Challawa da Kumbotso

Challawa ce ƙaramarsu, a gefen kogin da ta ci sunansa, kusa da Panshekara. Ita ta zama matattarar manyan kamfanonin jima, inda sinadarin kurom da manyan ganguna masu juyawa suka maye gurbin bagaruwa da kwatarniya. A farkon shekarun 1980 Jihar Kano ta kafa tata kwalejin ilimi a Kumbotso, wadda daga baya aka sa mata sunan Sa'adatu Rimi.

Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta kawo tsarin 6-3-3-4, aka fara aiki da shi a 1982. Babban burinsa shi ne kowane yaro a ƙaramar sakandare ya taɓa ƙarfe da katako da wayar lantarki, ta yadda ko bai ci gaba da karatu ba zai fita da abin yi. Gwamnatin tarayya ta sayo injinan koyarwa daga ƙasashen gabashin Turai irin su Bulgeriya, aka rarraba wa makarantu. Da yawa daga cikinsu a akwatunansu suka tsufa. Wata makarantar ba ɗakin aiki, wata ba lantarki, kusan ko'ina kuma ba malamin da aka horar a kansu.

Abin takaicin shi ne masu iya aikin suna nan, jifa kaɗan daga makarantun. A Bompai da Sharaɗa da Challawa akwai makanikai da masu gyaran lantarki da masu walda da suka yi shekara ashirin a gaban inji, wasunsu da takardar gwajin sana'a mai daraja ta ɗaya. Irin injin da ke kwance a akwati, a wuni ɗaya za su kafa shi. Amma tsanin da suka hau ba shi ne tsanin aji ba, kuma ba a gina wata gada mai faɗi da za ta ɗauko su, a ƙara musu dabarun koyarwa, a ba su albashin da zai sa su yarda su zo ba. Wanda yake da takardar malanta kuma sau da yawa a littafi ya ga injin. Da yawanmu mun zana zarto da guduma a littafin rubutu, mun ci jarrabawa a kansu, ba mu taɓa riƙe su a makaranta ba.

A Jamus sun bi wata hanya. Jarrabawar zama babban gwanin sana'a a can kashi huɗu ce: aikin hannu, da ilimin sana'ar, da harkar kasuwanci da doka, sai na huɗu dabarun koyar da almajirin sana'a. Wato shaidar iya aiki da shaidar iya koyarwa a takarda ɗaya suke. Mu ma an yi yunƙuri. An kafa Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, a 1971, ya fito da shirin SIWES na tura ɗalibai masana'antu don sanin makamar aiki. An buɗe kwalejin horar da malaman fasaha ta tarayya a Bichi a ƙarshen shekarun 1980. Sai dai gyaran ya zo ne a daidai lokacin da masana'antun suka fara tangaɗi. Tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara suka yi tsada, lantarki ya zama sai an ga dama, yadin waje ya cika Kantin Kwari. Ƙofofi suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, wasu gine-ginen suka koma rumbunan ajiye kaya. Ɗalibin da aka tura ya koyi inji yakan je ya tarar da maigadi kawai.

A ɓangaren takarda kuwa tsani ya ƙara tsawo. An kafa hukumar kula da kwalejojin ilimi, NCCE, a 1989. Manufar ilimi ta ƙasa ta ayyana NCE a matsayin mafi ƙarancin takardar shiga aikin koyarwa, NTI ta fara ba da ita ta karatu daga gida a 1990, kwalejojin daraja ta biyu kuma aka yi ta mayar da su sakandare. A rubuce ci gaba ne. Amma tsohuwar kwalejin tana ɗaukar yaro daga firamare ta riƙe shi shekara biyar, akasari a makarantar kwana, tana shirya shi don aji ɗaya zuwa shida, ya iya koyar da kowane darasi. NCE kuwa ta daɗe tana fitar da mai darussa biyu, irin wanda sakandare ke bukata, sai a tura shi aji biyu na firamare. Ga shi kuma makin shiga kwalejin ilimi ya kasance ƙasa da na jami'a, har ta zama mafakar wanda bai samu inda yake so ba.

Zamanin lasisi

Dokar soja mai lamba 31 ta 1993 ce ta kafa Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, TRCN, don malanta ta zama sana'a mai ƙofa kamar aikin likita da lauya. Mai NCE ko digirin ilimi na iya rajista, mai wani digirin kuwa sai ya ƙara da difilomar koyarwa. Hukumar ta kasa malamai gida huɗu: masu digirin digirgir, da masu digiri na biyu, da masu digirin farko, da masu NCE. Daga watan Oktoba na 2017 ta fara jarrabawar cancanta a kwamfuta kafin rajista, lasisin kuma ana sabunta shi duk shekara uku. An sa ƙarshen Disamba na 2019 a matsayin wa'adin fitar da duk wanda ba shi da rajista daga aji. Wa'adin ya zo ya wuce, kowa kuma ya san abin da ke cikin makarantun unguwarsu.

A 2017 ɗin ne maƙwabciyarmu Kaduna ta girgiza ƙasa. Gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 sun kasa samun kashi 75 cikin ɗari, ta sallame su. Ƙungiyar malamai ta ƙi amincewa da yadda aka yi gwajin, ta tafi yajin aiki a watan Janairu na 2018. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, akwai tambayar da ta rage: da yawan waɗannan mutane suna da takardu a hannu, to wa ya shaide su? Wa ya sa hannu, kuma me ya gani kafin ya sa? A zamanin ijaza da an san zauren da za a je a yi wannan tambaya. A Kano ma gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024, kuma ƙarancin ƙwararrun malamai na cikin dalilan da aka bayar.

Ba muna cewa jarrabawar kwamfuta ba ta da amfani ba ne. Tana tace wanda bai san komai ba, tana yi wa ɗan talaka da ɗan mai kuɗi tambaya iri ɗaya, kwamfuta kuma ba ta san ɗan wane ba. Wannan shi ne ainihin abin da tsarin zaure ya kasa. Amma zaɓen amsa ɗaya cikin huɗu ba zai nuna ko mutum zai iya riƙe ajin da ya haura yara ɗari ba, ko zai gane yarinyar da ke bin baki ba ta karanta komai ba. Har yanzu akwai gwajin koyarwa a kwalejoji, sai dai inda ɗalibai suka yi wa masu dubawa yawa, zaman bencin baya yakan koma leƙe na 'yan mintuna. Kamfanin jima da ya rage a Challawa ba zai ɗora sabon ma'aikaci a kan ganga don ya nuna takarda ba, sai foman ya tsaya a kansa ya gani, domin in fata ta lalace asarar a ranar za ta fito. Asarar aji kuwa sai bayan shekara goma take bayyana, lokacin da ba wanda zai tuna sunan mai sa hannu.

Abin da ya shafe mu

Na farko, mai karatunmu a hannun malamin aji ɗaya zuwa uku yake. Yaron da bai iya haɗa baƙi a waɗannan shekaru ba, da wuya ya zama mai sayen littafi ko mai bin labari a waya. Duk lokacin da muka yi kukan cewa ba a karatu, ko muka yi faɗa a kan ƙa'idojin rubutu, raba "ya na" da haɗa "yana", maganar wanda ya tsaya a gaban allo muke yi ko ba mu sani ba. Don haka idan ana muhawarar lasisin malamai, ba 'yan kallo ba ne mu. Abin da ya kamata mu nema a rubuce-rubucenmu shi ne a dawo da ido cikin gwajin: a kalli malami yana koyar da yara na gaske, mai kallon ya sa sunansa, a kuma biya wanda ya ci abin da zai zaunar da shi a aji.

Na biyu, wannan tarihi bai shiga adabinmu yadda ya kamata ba. Mun cika littattafai da attajirai da manyan gidaje, amma ina labarin malamin UPE da aka tura ƙauye yana da shekara goma sha tara? Ina labarin makanikin da ya ji jiniyar kamfani shekara ashirin da biyar, ranar nan ya je ya tarar da kwaɗo a ƙofa? Mutanen nan suna raye a Dakata da Kawaji, a Ja'en da Panshekara, suna zaune a ƙofar gida bayan la'asar. Mai son rubuta labari ya je ya gaishe su, ya ce, "Baba, ko zan ga takardarka?" Za su shiga ɗaki su fito da ita a cikin leda, wata ta yi ja don tsufa. A tambaye su wa ya gwada su, me aka ba su su yi, wane darasi suka koyar ranar da mai dubawa ya zauna a baya, nawa ne albashinsu na farko. A rubuta ranar da aka yi hirar da unguwar da aka yi ta, a kuma nemi izininsu kafin a ambaci suna.

Mu kanmu ba wata hukuma da ke ba marubuci lasisi, kuma ba ma fatan a kafa ta. Amma kafin mu saki rubutu, babu laifi mu yi yadda mai neman zama alaramma yake yi, mu kai shi gaban wanda ya fi mu ya bi shi layi-layi, ya nuna mana kurenmu tun bai fita ba.

Wanda yake da tsohon malami ko tsohon ma'aikacin kamfani a gida, ya fara da shi a wannan mako. Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya saka wa waɗanda ke raye da alheri. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.